SHIN DOKA ZA TA IYA KARƁE BULALA DAGA HANNUNMU?

Wata safiyar Litinin, ana gama taron safe yara suna shiga aji, sai ga wani dattijo daga cikin Zango ya shigo makarantarmu riƙe da hannun ɗansa mai shekara 11, ɗaya hannun kuma da sabuwar tsumagiya. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Malam, ga ɗanku nan. Ya ɗauki kuɗin uwarsa, kuma ya yi mini ƙarya. Ku zane mini shi a gaban 'yan'uwansa." Muka ba shi kujera, muka shaida masa cewa hukumar ilimi ta hana mu dukan yara. Ya yi shiru, can ya ɗago kai ya ce, "To, yau an hana ku, gobe kuma mu za a hana. Wa zai yi tarbiyyar ke nan, gwamnati?"

Wannan tambaya ta Baba ba tasa ba ce shi kaɗai. Ana yin ta a Nima da Mamobi da Sabon Zango a Ankara, ana yin ta a Zangon Kumasi da Tamale, a wajen suna da ɗaurin aure da majalisar bayan la'asar. Saboda haka muka ga ya dace mu baje maganar a wannan fili, mu duba abin da dokar ƙasa ta ce, da abin da malaman addininmu suka rubuta, da kuma abin da mu malaman makaranta muke gani a cikin aji.

YADDA MUKA TASO

Duk wanda ya kai shekara 40 a cikinmu ya san daɗin bulala. Da asuba a makarantar allo akwai dorinar malam, kuma ana gaya mana wai duk inda ta taɓa a jiki wuta ba za ta ci wurin ba. Da hantsi a makarantar boko akwai sandar tica: ta makara, ta faɗuwa lissafi, ta rashin yanke farce, ta yin Hausa a cikin aji. In an dawo gida kuma ga uba, ga baffa, ga maƙwabci, domin a wancan lokaci ɗa na kowa ne. Ban da duka akwai kama kunne, da tsallen kwaɗo, da durƙuso a rana hannu a sama. A wasu gidaje har barkono ko citta ake sa wa yaro a ido ko a wurin da ba a faɗa.

Yawancinmu in an tuna waɗannan kwanaki dariya muke yi, mu ce ai ga mu nan mun zama mutane. Amma fa masu dariyar su ne waɗanda suka jure har suka gama. Waɗanda suka jefar da allo ko littafi suka gudu ba sa zuwa taron tsofaffin ɗalibai, don haka ba a jin ta bakinsu.

Har yanzu kuma abin bai zama tarihi ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Gana ta gudanar tare da UNICEF a 2017 zuwa 2018 ya nuna cewa kashi 94 cikin 100 na yara masu shekara 1 zuwa 14 sun gamu da horo mai tsanani a gida, ko duka ko tsawa da zagi, a cikin watan da ya gabaci binciken. Wato magana ce da ta shafi kusan kowane gida a ƙasar nan, na Musulmi da na Kirista, na Kudu da na Arewa.

ABIN DA DOKA TA CE

Mutane da yawa suna zaton an riga an haramta dukan yara a Gana baki ɗaya. Ba haka abin yake ba, kuma ya kamata mu rarrabe.

Na farko, Gana ce ƙasa ta farko a duniya da ta amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a watan Fabrairu na 1990. Wannan yarjejeniya ta ɗora wa gwamnati nauyin kare yaro daga kowane irin cin zarafi, ta kuma ce horon makaranta ya kasance mai kiyaye mutuncin yaro.

Na biyu, akwai Dokar Yara ta 1998, mai lamba 560. Sashe na 13 ya hana azabtar da yaro ko wulaƙanta shi. Amma bai hana horo gaba ɗaya ba. Abin da ya hana shi ne horon da ya wuce hankali, in an dubi shekarun yaron da lafiyar jikinsa da ta ƙwaƙwalwarsa, da kuma horon yaron da bai kai ya gane dalilin horon ba. Wanda ya karya wannan sashe ana iya cin sa tara ko a ɗaure shi har shekara ɗaya.

Na uku, akwai Dokar Laifuffuka ta 1960, mai lamba 29. Sashe na 41 ya yarje wa uba ko uwa su bugi ɗansu da bai kai shekara 16 ba domin gyaran hali. Har ila yau ya ɗauka cewa iyaye sun miƙa wa malamin makaranta wannan iko, sai fa in sun fito sun ce ba su yarda ba.

Na huɗu, Hukumar Ilimi ta Gana, wato GES, ta ba da umurni a 2017 cewa a daina dukan yara a makarantun firamare da na sakandare, na gwamnati da masu zaman kansu. A farkon 2019 ta sake jaddada umurnin, ta kuma fitar da littafin jagora mai nuna hanyoyin horo ba tare da sanda ba. Kafin wannan ma ƙa'idar da ke rubuce ita ce hedimasta ko wanda ya wakilta shi kaɗai ke da ikon yin bulala, da adadi ƙayyadadde, a kuma rubuta a littafi. Kowa ya san yadda aka bi wannan ƙa'ida: kowane tica da sandarsa a kan tebur.

To, a nan gizo ke saƙa. Umurnin GES umurnin ma'aikata ne, Majalisar Dokoki ba ta zartar da shi ba. Malamin da ya karya shi zai fuskanci ladabtarwa a wurin aiki, amma in an je kotu yana iya fakewa da Sashe na 41. Ga takarda ɗaya ta ce kada ka buga, ga wata da ta fi ta ƙarfi ta ce kana iya bugawa. Makarantun allo na zaure da na masallaci kuwa, waɗanda ba sa ƙarƙashin Sashen Ilimin Musulunci na GES, umurnin bai ma kai gare su ba.

MAƘWABTA DA SAURAN DUNIYA

Ƙasar Suwidin ce ta fara haramta dukan yara ko'ina, har cikin gida, a 1979. Daga nan ƙasashe fiye da 60 suka bi sahu. Kada kuma a ce sha'anin Turawa ne kawai. Maƙwabciyarmu Togo ta yi haka a dokar yara ta 2007, Kenya da Tunisiya a 2010, Benin a 2015, Gini a 2020, Zambiya a 2022. A Afirka ta Kudu kotun tsarin mulki ce ta yanke hukunci a 2019 cewa uba ba zai ƙara kare kansa da hujjar horo ba. Ingila kanta, wadda makarantunta suka koya wa namu sandar hedimasta, ta kawar da ita daga makarantun gwamnati tun 1987.

Sai dai duk mai 'yan'uwa a Lome ko Kwatano ya san cewa bulala ba ta ɓace daga gidajen can ba don an rubuta doka. Abin da Suwidin ta yi wanda ba a cika faɗa ba shi ne, sashen da ya hana dukan bai zo da wani sabon hukuncin ɗauri ba, kuma gwamnati ta aika wa gidaje masu yara ɗan littafin bayani, har a jikin kwalin madara aka buga saƙon. Shekaru aka yi ana wa'azin kafin ra'ayin jama'a ya juya. Doka kaɗai, in ba a bi ta da ilmantarwa ba, a kan takarda take tsayawa.

HUJJOJIN MASU SON BULALA

Bai kamata mu raina masu wannan ra'ayi ba, domin iyayenmu ne, kuma cikinsu akwai abokan aikinmu. Hujjarsu ta farko ita ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ka ƙi naka duniya ta so shi. Suna kallon abin da ke jiran yaron Zango a waje: shan ƙwaya, caca, damfara ta intanet, 'yan siyasa masu hayar matasa lokacin zaɓe. Uban da ya ɗaga bulala sau da yawa tsoro ne ya cika masa zuciya, yana ganin gara shi ya bugi ɗansa yau da ɗan sanda ya buge shi gobe.

Hujja ta biyu ta malamai ce. Ajin da ke da yara 60 ko 70, babu isassun littattafai, babu mai ba da shawara, an karɓe sanda ba a ba ka komai a madadinta ba. Akwai malaman da tun da umurnin ya fito suka naɗe hannu, yaro ya yi abin da ya ga dama, su dai su koyar su tafi. Wannan ma cutar da yara ce.

Hujja ta uku ita ce tsoron hukuma. Mu mutanen Zango mun san yadda ake yi da mu a ofis in an ji sunanmu. Ana fargabar cewa in an yi doka, gidan talaka za a riƙa shiga, mai kuɗi kuwa ya yi abinsa a bayan katanga. Ana kuma fargabar yaro ya riƙa yi wa uwarsa barazana da 'yan sanda. Waɗannan maganganu duka suna da nauyi, kuma duk dokar da ba ta amsa su ba, ba za ta zauna ba.

ME MALAMAN ADDINI SUKA CE?

Akan kawo hadisin da ke cikin Abu Dawuda a kan umurtar yaro da salla yana ɗan shekara 7, da bugunsa a kanta in ya kai 10. Hadisin yana nan, ba mu da ikon share shi. Amma a lura da shekaru ukun da ke tsakani, na koyarwa da haƙuri, a kan abin da ya fi komai girma a addini. Ina wannan ina marin yaro ɗan shekara 4 don ya zubar da koko?

Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara 10 yana yaro, ya kuma ba da shaidar cewa bai taɓa ko da yi masa tsawa ba. Nana A'isha ta ruwaito cewa bai taɓa bugun mace ko mai hidima da hannunsa ba.

A mazhabarmu ta Malikiyya, Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya rubuta littafi a kan ladubban malamai. A ciki ya taƙaita bulalar karatu zuwa 3, ya ce ba a ƙarawa sai da izinin uba, ya hana bugu a fuska da kai, ya kuma hana malami bugu don huce fushinsa. Ibn Khaldun kuma, wanda ya rasu a 1406, ya ware babi a cikin Muƙaddima inda ya bayyana cewa tsanantawa ga ɗalibi tana koya masa ƙarya da yaudara da kasala, domin yana koyon ɓoye abin da ke ransa don tsoron hannu. Da za a auna dukan da ake yi a gidajenmu da makarantunmu da ma'aunin waɗannan malamai, kaɗan ne ƙwarai zai tsallake. Addini ya yi izini mai sharuɗɗa, mu kuwa muka riƙe izinin muka watsar da sharuɗɗan.

ABIN DA MUKA GANI A AJI

A kwalejin horon malamai an koya mana cewa duka yana tsayar da laifi na ɗan lokaci, amma ba ya koya wa yaro abin da ya kamata ya yi. Mun rubuta haka a jarrabawa muka ci, muka fito muka yanko sanda kamar kowa. Aji ne ya koya mana abin da littafi ya kasa.

A shekarunmu na farko na aiki akwai wani yaro a aji biyar da kullum yake makara. Kullum bulala uku a bakin ƙofa, kuma mu ne masu yi. Bai taɓa kuka ba, bai taɓa ba da uzuri ba, mu ma ba mu taɓa tambaya ba. Rannan sai ya daina zuwa. Da muka bi sawu muka tarar uwarsa mai sayar da koko da ƙosai ce, uban ya rasu, shi ke ɗebo ruwa tun asuba, ya kai mata kaya bakin titi, sa'an nan ya rugo makaranta. Mun roƙe shi ya dawo, ya ƙi. Bayan shekaru mun gan shi yana yaron mota a tasha, ya gaishe mu da ladabi, ya hana mu biyan kuɗin mota. Yaron ya fi kowa iya lissafi a ajin nan. Har yau in muka tuna sai kunya ta rufe mu.

Ba shi kaɗai ba ne. Mun ga yarinyar da aka yi ta duka a kan rubutu, ashe idonta ne ba ya ganin allo. Mun ga yaron da mari ɗaya ya lalata wa kunne. Mun lura cewa yaran da aka fi duka a zangon farko su ne dai ake duka a zango na uku, wato maganin bai yi aiki ba. Mun kuma lura cewa wanda aka zane da safe shi ke zane ƙaramin yaro lokacin tara. Masana sun tabbatar da haka: a 2016 wasu masu bincike biyu a Amurka, Gershoff da Grogan-Kaylor, sun tattara nazarce-nazarcen shekara 50 da suka shafi yara fiye da 160,000, ba su sami shaidar cewa duka yana gyara hali ba, sai ma suka ga yana tafiya tare da ƙaruwar taurin kai da faɗa da damuwa.

Tun da muka ajiye sanda ba mu ce aji ya zama aljanna ba. Aikin ya ƙaru. Amma mun ga abubuwan da ke aiki: a kafa dokokin aji tare da yaran a makon farko a manna a bango, wanda ya ɓata wuri ya gyara shi, wanda ya zagi wani ya nemi gafara a gaban waɗanda suka ji zagin, a karɓe muƙami daga hannun monita in ya ci amana, a hana mai laifi wasan ƙwallo na rana ɗaya, a kira iyaye tun abu bai yi nisa ba. Fiye da komai, a tambayi yaro dalili kafin a yanke masa hukunci.

RA'AYINMU

To, a haramta ko kada a haramta? Mu dai ga inda muka tsaya.

A makaranta, a haramta da dokar Majalisa, a cire maganar malami daga Sashe na 41. Haramcin ya haɗa da kowace makaranta, ta boko da ta Islamiyya da ta allo. Malami baƙo ne ga jikin ɗan wani, yana aiki cikin gajiya da yara masu yawa, kuma a irin wannan hali ne hannu ke zarcewa. Amma gwamnati ta biya nata bashin: a rage cunkoson aji, a horar da malamai, a sa masu ba da shawara a makarantu. Malaman allo kuma a zauna da su ta hannun ofishin Babban Limamin Ƙasa da sarakunan Zango, a yi musu magana da littattafan da suka sani.

A gida, akwai abubuwan da babu jayayya a kansu, kuma dokar da muke da ita ta riga ta isa a hukunta mai yin su: ƙona hannun yaro don ya taɓa nama a tukunya, sa barkono, ɗaurewa da igiya, hana abinci, duka da wayar lantarki, bugun jariri. Duk wanda ya ji ana irin wannan a maƙwabta ya sa baki, in abin ya faskara ya kai ga sashen 'yan sanda mai kula da rikicin cikin gida, wato DOVVSU, ko ofishin jin daɗin jama'a. Yin shiru a nan ba kunya ba ce, haɗa kai ne da zalunci.

Sauran dukan gida kuwa, muna goyon bayan doka ta faɗa a fili cewa yaro yana da haƙƙin a yi masa tarbiyya ba da duka ba, kamar yadda doka ta kare matar aure da ɗan ƙwadago daga hannun wanda ya fi su ƙarfi. Ba daidai ba ne a ce mafi ƙanƙanta a gida shi kaɗai doka ta yarda a buga. Sai dai manufar ta kasance koyarwa. Uwar da ta ɗaka wa ɗanta duka a baya don ya ruga titi ba gidan yari take bukata ba, domin ɗaure ta yaron zai fi cuta. A fara da gargaɗi da nasiha da sulhu a gaban dattawan unguwa, a bar kotu ga masu raunata yara da masu maimaitawa. Kuma a ba jama'a lokaci, a yi bayani a rediyo da Hausa da Dagbani da Tuwi, a huɗubar Juma'a, a asibitin awon jarirai, a taron iyaye da malamai.

Mu koma kan Baba mai tsumagiya. Ran nan mun zauna mu uku a ofis. Da aka lallashi yaron sai ya faɗi gaskiya: wasu manyan yara ne ke tare shi a hanya suna karɓar kuɗi, in bai kawo ba su buge shi. Muka kira iyayen waɗancan, muka kashe wutar. Shi kuma aka yanke masa ya biya uwarsa kuɗinta ta hanyar taya ta wanke-wanke da aike na mako biyu, ya kuma durƙusa ya nemi gafararta. Baba bai ce ya sauya ra'ayi ba, mu ma ba mu nemi ya faɗa ba. Da zai tafi dai ya ce, "Malam, da na zane shi a gida da ban ji wannan labari ba." Tsumagiyar kuwa a bayan ƙofar ofis ya bar ta.

Muna roƙon limamanmu da sarakunanmu da ƙungiyoyin mata da na matasa su ɗauki wannan magana su tattauna tun kafin ta iso Majalisa, don kada a yanke mana hukunci ba mu nan. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya ba mu haƙurin renonsu, amin.